Idan magani ya zama na kowa da kowa, ina za a ajiye gasa?

Tambayar ta fito daga wani Alhaji mai sayar da kayan masarufi a babbar kasuwar Maraɗi. Ga ta a taƙaice: "Muna jin ana maganar tsarin da kowane ɗan ƙasa zai samu magani ba sai ya sayar da gona ko akuya ba. Ni a kasuwa na tashi, kuma abin da na sani shi ne gasa ke sauke farashi, ita ke sa mai shago ya saki fuska. In gwamnati ta ɗauke wa kowa kuɗin magani, me zai sa ma'aikaci ya motsa? Ba dogon layi da ɓarnar kuɗi za a samu ba? Me zai hana a bar asibitoci su yi gasa kamar yadda muke yi?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a nema. Tsoron da ka faɗa na gaskiya ne, duk wanda ya taɓa jinyar wani a asibitin gwamnati ya ga wani abu daga ciki. Aikina shekara da shekaru shi ne lissafin kuɗi da magunguna a gundumomin kiwon lafiya na jiharmu, don haka zan amsa maka da abin da na gani a littattafan lissafi, da abin da wasu ƙasashe suka gwada kafin mu.

Ra'ayina tun daga farko shi ne gasa tana da babban amfani a harkar lafiya, amma sai an san inda za a ajiye ta. Tana aiki inda mai saye yake da ƙarfi, ya san kaya, kuma zai iya juya baya ya yi tafiyarsa. Majinyaci ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Don haka sai a yi masa wakili mai ƙarfi, asusu guda da ke saye a madadin kowa, a bar masu magani da masu asibiti su yi gasarsu a gaban wannan wakili.

Duba abin da ke sa gasa ta yi aiki a rumfarka. Wanda ya zo sayen shinkafa ya san shinkafa. Zai ɗiba ya duba, ya taya a rumfa uku, in bai yi masa ba ya koma gida ya dawo gobe. In ka cuce shi sau ɗaya ka rasa shi ke nan, kuma sanin haka ne ke riƙe da kai da maƙwabcinka. To ɗauki uwar da ɗanta ya fara jijjiga da zafin jiki cikin dare, a watan Agusta, tsakiyar damina. Ba ta san ko zazzaɓin cizon sauro ne ko wani ciwo daban ba. Ba za ta zagaya asibiti uku tana tambayar farashi ba, ba kuma za ta ce a bari sai gari ya waye ba. Wanda zai sayar mata da maganin shi ne kuma zai faɗa mata abin da take bukata. In yaron ya tashi, ba ta san ko maganin ne ko da ma zai tashi ba. In ya rasu, za a ce kwana ne ya ƙare. Ko bayan an gama cinikin ba ta da hanyar sanin ingancin abin da ta saya. Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Kenneth Arrow, ya bayyana wannan tun 1963, kuma har yau daga bayaninsa ake fara koyar da tattalin arzikin lafiya.

In aka saki gasa a kan irin wannan mai saye, masu sayarwa ba sa daina gogayya, sai dai su karkata zuwa abin da ido ke gani. Mutanenmu sun yarda da allura da ƙarin ruwa fiye da ƙwaya. Ma'aikacin da ya yi gwajin jini ya ga babu zazzaɓin sauro, ya ba da farasitamol ya ce a koma gida a sa ido, shi ne ya yi aikin daidai, amma shi za a ce bai iya ba. Wanda ya rataya ruwa leda biyu, ya rubuta antibiyotik iri uku, shi za a yaba a unguwa, layinsa ya ƙaru. Ka ga gasa ta saka wa mai ɓarna, ta hukunta mai gaskiya. Kuma ai muna da kasuwar lafiya wadda gasa ta cika ta maƙil, ba doka ba shamaki: masu tallar magani a tire da kwali, a tasha da ranakun kasuwa, da kayan da ke ƙetaro iyaka ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Farashi ya sauka ƙasa, gaskiya ne. Sai dai maganin ya yini cikin rana, wani ya wuce wa'adi, wani babu komai a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marar inganci. A nan Nijar har allurar rigakafin sanƙarau ta jabu an kama a 2015, lokacin da annoba ta sa iyaye suna bin farmasi da kuɗi a hannu. Araha ba ta ado, a harkar magani kuwa tana iya cin rai.

Kada a ce talauci ne kawai. Amurka ta fi sauran ƙasashe masu arziki barin lafiya a hannun kasuwa, tana kashe wajen kashi 17 cikin 100 na dukiyar da take samarwa a shekara a kan lafiya, alhali Ingila tana kashe wajen 11. Duk da haka miliyoyin Amurkawa ba su da inshorar lafiya, kuma tsawon ransu bai kai na Turawan Ingila ko Faransa ba.

Inda gasa ke yin abin mamaki shi ne wajen sayen magani da kayan aiki a dunƙule. A nan mai sayen ba uwa ce cikin firgici ba, hukuma ce da ke da masana haɗa magani, da ɗakin gwaji, da lokacin jira, da kuɗin da kowane kamfani ke kwaɗayi. A shekarar 2000 maganin rage kaifin cutar sida na mutum ɗaya ya haura dalar Amurka 10,000 a shekara. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai ba da shi a kan dala 350, wasu kamfanoni suka biyo baya, farashi ya yi ta gangarowa har ƙasashenmu suka iya ba da shi kyauta. Allurar sanƙarau ta MenAfriVac, wadda aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, an fara ne da tsayar da farashin da ƙasashen Sahel za su iya biya, ƙasa da rabin dalar Amurka kowace allura, sannan aka nemi kamfanin da zai yi ta a haka, aka samu Serum Institute na Indiya. Irin sanƙarau ɗin da ya yi mana ɓarna a 1995 da 1996 ya kusa ɓacewa bayanta. Ƙasar Sin ma, da ta gaji da tsadar magani, a 2018 ta haɗa bukatar manyan birane 11 wuri ɗaya ta ce kamfanoni su taya, farashin magungunan da aka fara da su ya faɗi da kusan rabi.

Mu ma muna da tushen wannan. An kafa ONPPC ne don ta sayo wa ƙasa magani a dunƙule, akwai kuma LANSPEX a Yamai mai gwada inganci. Tunanin daidai ne. Abin da ke lalata irin wannan tsari a ko'ina guda biyu ne, kuma kai ɗan kasuwa ka fi ni saninsu. Na farko, tayin da ba a buɗe yake ba, an san mai ci tun kafin a buɗe ambulan. Na biyu, mai saye da ba ya biya a kan lokaci. Duk dillalin da ya san sai ya yi shekara yana bin kuɗinsa, zai sa wannan shekarar cikin farashi, nagari kuma su daina zuwa tayin gaba ɗaya. Daga nan rumbun ƙasa ya yanke, shugaban cibiyar lafiya ta matakin farko (CSI), wanda muke kira majo, ya ɗauki ɗan abin da ke cikin akwati ya sayo kwali biyar a wurin ɗan kasuwa da tsada. Na sha ganin cibiyoyi biyu a gunduma ɗaya sun sayi amoksisilin iri ɗaya a wata ɗaya, farashin ɗaya ya yi wa na ɗayan nisa, ba don wani ya yi sata ba, sai don kowa ya je kasuwa shi kaɗai. Akwai kuma wayon da ya kamata a kiyaye: kada a bai wa kamfani ɗaya dukan kwangila don ya fi araha. A raba tsakanin biyu ko uku, don in ɗaya ya gaza kada ƙasa ta wayi gari babu maganin.

Gasa tsakanin asibitoci kuwa, Ingila ce ta gwada ta ta fuska biyu, kuma darasinta ya cancanci a tsaya a kansa. Tun 1948 suke da tsarin da kowa ke samun magani daga kuɗin haraji. A 1991 suka raba mai saye da mai yi: hukumomin yanki su riƙe kuɗi, asibitoci su nemi kwangila a wurinsu, kuma aka bar su su yi gogayya a kan farashi. Masu bincike, ciki har da Carol Propper, suka bi diddigi daga baya. Suka tarar inda gasa ta fi zafi lokacin jiran aiki ya ragu, amma mutuwar waɗanda aka kwantar da bugun zuciya ta fi yawa. Dalili a fili yake. Farashi da tsawon layi kowa na ganinsu, ingancin kulawa a ɗakin gaggawa ba mai gani, sai asibitoci suka tsuke hannu a inda ba a gani. Daga 2006 aka canza salo. Gwamnati ta yanke farashi ɗaya ga kowane irin aiki, aka ba majinyaci damar zaɓar asibitin da za a tura shi, kuɗi su bi shi duk inda ya je, aka kuma riƙa wallafa sakamakon asibitoci. Da yake ba a iya rage farashi don jan mutane, sai a inganci kaɗai za a fi juna. Binciken da ya biyo baya ya nuna mutuwar bugun zuciya ta fi saurin raguwa a yankunan da asibitoci ke kusa da juna, ba tare da kuɗi sun ƙaru ba.

Ribar ba mai yawa ba ce, kuma masana sun yi ta jayayya a kanta. Rubuta kwangiloli da bin su ya ci kuɗi da lokacin ma'aikata, har a 2022 Ingila ta yi dokar da ta mayar da nauyi kan haɗin kai tsakanin asibitoci da likitocin unguwa. Abin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne in za a yi gasa tsakanin asibitoci, a ɗaure farashi a saki inganci. In aka saki farashi, inganci ne zai biya.

To amma mu dawo gida. A cikin garin Maraɗi zancen zaɓi yana da ma'ana: ga asibitin jiha, ga babban asibitin da ake tura masu tsananin ciwo, ga cibiyar uwa da yaro, ga kilinik masu zaman kansu. Ka fita zuwa ƙauyukan Dakoro ko Bermo ko arewacin Mayahi. CSI ɗaya ce, wani sai ya yi tafiyar sa'o'i a amalanke kafin ya kai ta. Da wa za ta yi gasa? Gina ta biyu kusa da ita don a ce an yi gasa raba ma'aikatan da ba su isa ba ne gida biyu. Mafi yawan mutanen jiharmu a irin waɗannan wurare suke, don haka duk tsarin da ya dogara da zaɓin majinyaci ya bar su a baya tun daga farko.

Abin da ke maye gurbin gasa a can shi ne kwatanci. A ɗauki CSI na Madarumfa da na Gidan Rumji da na Tasawa a jera su: kwana nawa kowace ta yi babu maganin zazzaɓin sauro, mata nawa suka haihu a hannun ungozomar asibiti, yara nawa suka kammala rigakafi. A karanta a gaban majo-majo da hakimai da kwamitocin jama'a. Ɗan Adam ba ya son a kira sunansa a ƙarshen layi, kuma na ga wannan kaɗai ya tayar da cibiyar da ta yi sanyi. Ruwanda ta ƙara da kuɗi: daga 2006 ta riƙa ba cibiyoyi ƙarin lada bisa aikin da aka tabbatar sun yi, kuma binciken da aka wallafa a 2011 ya nuna haihuwa a asibiti ta ƙaru da kashi 23 cikin 100 a cibiyoyin da aka yi wa haka. Sai dai wannan hanya tana da ƙaya. Abin da aka sa wa lada shi za a bi, a yi sakaci da wanda ba a sa wa ba, kuma dole a biya masu bin gida-gida su tabbatar sunayen da ke cikin rajista mutane ne na gaske.

Akwai masu cewa a bar kamfanonin inshora su yi gasa, kowa ya zaɓi nasa. Jamus tana haka tun 1996, Holan tun 2006. Amma ka dubi abin da suka ɗaure kamfanonin da shi: dole kowa ya shiga, haramun ne a ƙi karɓar mutum don tsufa ko ciwo, kuma akwai babban asusu da ke ƙara wa kamfanin da ya tara masu ciwo daga kason wanda ya tara masu lafiya. In babu wannan, hanya mafi sauƙi ta cin riba ita ce guje wa mai ciwon suga da tsohuwa da mai juna biyu. Wannan lissafi yana bukatar bayanan lafiyar kowane ɗan ƙasa, abin da mu ba mu da shi. Ko a Jamus ɗin, asusun da suka haura 1,000 a farkon shekarun 1990 yau ba su kai 100 ba. Maƙwabtanmu na Najeriya sun fara tsarinsu a 2005 da kamfanoni a tsakiya, aka yi shekaru fiye da 15 bai rufe ko kashi 10 cikin 100 na jama'a ba, yawancinsu ma'aikatan gwamnatin tarayya, har aka sake doka a 2022. A ƙasar da mafi yawan mutane manoma ne da makiyaya da ƴan tireda marasa albashi, ƙarfin asusu yana cikin girmansa. Tailan ta gane haka: a 2002 ta sa duk waɗanda ba su da inshora cikin asusu ɗaya da haraji ke cikawa, hukuma ɗaya ke saye a madadinsu, kuma ta yi shekaru tana rufe kusan kowa da wajen kashi 4 cikin 100 na dukiyar ƙasa.

Mu ma mun taɓa gwada abin da ya yi kama da wannan. A 1993 da 1994, bayan shirin Bamako na 1987 ya kawo biyan kuɗin magani, an gwada hanya biyu a Nijar. A Say majinyaci na biyan sefa 200 a kan kowane ciwo, yaro 100. A Boboye kowane mai biyan haraji ya ba da sefa 200 a shekara, sannan a biya 50 ko 25 a bakin ƙofa. Boboye ta fi tara kuɗi, talakawa da mata da yara kuma suka fi zuwa. Amma abin da ya yaɗu a ƙasa bayan dokar 1995 shi ne biya a bakin ƙofa, kuma har yanzu kaso mai tsoka na kuɗin lafiyar ƙasar nan daga aljihun majinyaci yake fita ranar da ciwo ya kama shi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda nake ganin ya fi zancen gasa gaggawa. A 2005 da 2006, zamanin shugaba Tanja Mamadu, aka mayar da tiyatar haihuwa da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Mataki ne na alheri, yara suka cika cibiyoyi, kuma mutuwar ƙananan yara ta ragu ƙwarai a waɗannan shekaru. Tsarin shi ne cibiya ta yi aiki, ta aika takardun bashi Yamai, gwamnati ta biya. Biyan ne ya riƙa makara, watanni suka koma shekaru, bashin ya kai biliyoyin sefa. Cibiyar da ta ba da magani ba a mayar mata da kuɗi ba, da me za ta sake cika kanta? Sai a duba yaro kyauta, a miƙa wa uwa takardar magani ta je farmasi. Jama'a suka ce ma'aikata ne ba sa so, ma'aikata suka karaya. Dogon layin da fuskar shanun da kake tsoro, Alhaji, da yawansu daga nan suka samo asali. Ko ka kawo asibitoci goma su yi gasa, in mai biya ba ya biya, duk goman haka za su koma, masu zaman kansu ma su riga kowa rufe ƙofa. Gana ta sha irin wannan da tsarin inshorar lafiyarta na 2003, duk da ta ware masa kashi 2.5 cikin 100 a kan harajin kaya. Burkina Faso da ta fara nata kyautar a 2016 ta juya abin: a zuba wa cibiyoyi kuɗi tun kafin aiki, sannan a bi a bincika. A 2024 gwamnatinmu ta rage kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje a asibitocin gwamnati da rabi, abin da ya sauƙaƙa wa talaka sosai, kuma tambayar da za ta yanke hukunci a kansa ita ce ta da: giɓin da aka bari a akwatin cibiya, wa zai cike shi, kuma yaushe?

Yadda ake biyan ma yana gyara hali ko ya ɓata shi. In ana biyan asibiti kowace allura da kowane gwaji daban, allurai da gwaje-gwaje za su yawaita. In ana ba shi kuɗi dunƙule bisa yawan mutanen da ke ƙarƙashinsa, zai yi tattali, amma zai iya tsuke hannu ko ya yi saurin tura mai ciwo gaba. Tailan ta haɗa biyun: dunƙule ga cibiyoyin farko, farashi tsayayye bisa irin ciwo ga wanda aka kwantar, da iyakar abin da za a kashe a shekara. Wannan aiki ne na ƙwararrun ma'aikata masu kwamfuta da bayanai, kuma a nan ya kamata mu zuba ƙarfinmu.

Ban ce a kori masu zaman kansu ba. Asibitin Galmi a jihar Tawa da na Danja a nan kusa da mu ba na gwamnati ba ne, kuma mutanenmu sun san amfaninsu. Kilinik ɗin garin nan ma za su iya shiga tsarin su rage cunkoso, in sun yarda da sharuɗɗa: farashin da asusu ya yanke, ba ƙarin ko sisi daga hannun majinyaci, ba zaɓen masu sauƙin ciwo a tura masu wuya asibitin gwamnati, kuma su buɗe rajistarsu ga masu bincike. Sharaɗin zaɓen nan ya fi kowanne muhimmanci. In kilinik ta kwashe haihuwar da ba matsala ta bar wa asibitin jiha masu zubar jini da masu jijjigar haihuwa, za ta fito da sakamako mai kyau da riba, asibitin jiha ya fito da mace-mace da bashi, a ce gwamnati ce ba ta iya ba. Haka nan ma'aikacin da ke asibitin gwamnati da safe, yana kilinik da yamma: tsawon layin safe riba ce gare shi. Ba na zargin mutum da neman halal, albashin ba ya isa, kuma cibiyoyinmu da yawa ƴan kwantiragi da masu aikin sa kai ne ke riƙe da su. Amma dole a rubuta doka a kan sa'o'in aiki da hana tura majinyaci zuwa inda mutum ke da hannu, a kuma biya ma'aikaci abin da zai sa dokar ta yiwu.

Akwai kuma aikin da gasa ba za ta taɓa yi ba, alhali a nan kuɗi suka fi auki. Maganin kariya daga zazzaɓin sauro da ake bi gida-gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 kowane wata a damina, wanda aka fara a Nijar a 2013, gwaje-gwaje sun nuna yana hana kusan kashi uku cikin huɗu na kamuwa. Yaron da bai kwanta ba, ba wanda ya ci ribarsa. Haka gidan sauro, da rigakafin ƙyanda, da gano tamowa tun tana ƙarama kafin a kai ga irin cibiyoyin da suka cika a jiharmu a 2005. Asusun da ya san shi zai biya kuɗin kwanciya da ƙarin jini, shi kaɗai ke da dalilin kashe kuɗi don kada a kwanta.

Ku ƴan kasuwar Maraɗi kuna da abin da tsarin nan ke nema, wato sanin saye da sanin bashi. Kowace CSI tana da kwamitin jama'a mai kula da akwatinta, kuma sau da yawa waɗanda ke ciki ba su saba karanta lissafi ba, sai su sa hannu a abin da aka miƙa musu. In aka nemi ka shiga na unguwarku, ka shiga. Ka tambayi kwana nawa aka yi babu maganin zazzaɓin yara a daminar da ta wuce, wata nawa takardun bashin kyauta suka yi ba a biya ba, da nawa aka sayo kwalin amoksisilin kuma a wurin wa. Sannan ka nemi amsar cibiyar da ke maƙwabtaka da ku a kan tambayoyin nan, ku ajiye takardun biyu gefe da gefe a taron gunduma.